Ƙarfen da Ba na Baba Ba

Na san an ba ku labarin gonar gadonmu fiye da sau ɗaya, kuma kowane mai ba da labarin da inda yake karkata shi. Wasu sun ce muku ni na miƙa baffanku Lawal ga hukuma don in cinye rabonsa. Wasu sun ce na'urar da nake yawo da ita ce ta shiga kaina, har na tona asirin gidanmu da hannuna. Ban taɓa zama na ba kowa amsa ba. Lokacin da abin yake da zafi babu mai saurare, da ya huce kuma na ga tayar da shi fama wa marayu ciwo ne. Yanzu idona ya fara rauni, ƙafata ta daina kai ni nesa, shi ya sa zan rubuta yadda aka yi tun ina cikin hankalina, domin ku da 'ya'yan Lawal, in sun yarda su karanta.

Ni makanike ne, kun sani. Na yi ƙuruciyata a wurin gurzar auduga a Funtua, da aikin ya ja baya na kafa rumfa a bakin hanya ina gyaran injin ban ruwa da janareta. Maƙwabcin rumfata wani Ibo ne mai sayar da kayan gyara, haifaffen garin, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, muna ce masa Ɗan Asabe. A shekarun da samari suka yi ta kwarara wuraren haƙar zinari, ya kawo na'urorin gano ƙarfe a ƙasa yana sayarwa. Ɗaya ta zo da matsala, ta ƙi tashi. Ya miƙo mini ya ce in na iya tayar da ita in riƙe, shi ta ishe shi kallo. Waya ce kawai ta tsinke a ciki. Abin sanda ce mai tsawo, a ƙasanta akwai wani faifai da ake shafa shi a saman ƙasa, kusa da hannu kuma ɗan akwati mai allo. In faifan ya bi ta kan ƙarfe sai ta yi kuka, allon ya nuna zurfinsa.

Ban daɗe ba na gane allon nan ba abin dogara ba ne. Shi duk abin da ya ji ɗauka yake ƙwandala ce, don haka in abu babba ne mai nisa sai ya ce maka yana kusa, ka yi ta tono har ka yi gumi ba ka ga komai ba. Sai na mayar da tsakar gidanmu makaranta. Na binne ƙwandala a zurfin taƙi, ƙusa a gefenta, tsohuwar fartanya a zurfin kamu, murfin injin can ƙasa da haka, kullum bayan la'asar ina bi ta kansu ina saurare. Mahaifiyarku ta ce na mayar mata da gida gidan gafiya, ta kuma hana ni kusantar wurin murhunta. Amma da haka kunnena ya koya. Ƙaramin abu na kusa kukansa da kaifi, gajere ne, kana gusar da faifan kaɗan zai ɗauke, kana ɗaga shi sama da taƙi guda zai yi shiru. Babban abu mai nisa kukansa a dishe yake, yana da faɗi, ba ka cika sanin inda ya fara da inda ya ƙare ba. In kuwa ka ɗaga faifan har gwiwarka yana ta kuka da ƙarfinsa, to abin babba ne kuma ba shi da nisa. Na kuma lura ƙasa in ta sha ruwa na'urar ta fi jin nesa. Zinari dai ban taɓa samu ba, ban ma nema ba. Abin da nake nemo wa mutane shi ne bututun ruwan da aka manta inda ya bi, da bakin garmar da ya karye a gona, da ɗan kunnen da ya faɗi a gidan biki.

Mu uku Baba ya bari. Gwaggonku Hajara ce babba, tana aure a Malumfashi, sai ni, sai Lawal autanmu, wanda ya zauna a ƙauyenmu can bayan Ƙarfi yana noma gonar. Ba mu raba gadon ba sai da Inna ta rasu, domin ba ta so ta ga an ja igiya a gonar mijinta tana raye. Matsalar kawai ita ce iyakarmu ta gabas da gonar Malam Idi, tsohon maƙwabcinmu. Da can ɗorawa ce alamar, an sare ta tuntuni, kututturen ma ya ruɓe. Amma ni ina saurayi na ga Baba da mahaifin Malam Idi sun haƙa rami har gwiwa a gindin ɗorawar sun binne tsohon ƙarfen amalanke, suka ce ko itace ya tafi wannan zai zauna. Sai na ce abin ya zo da sauƙi, zan zo da na'urata in nemo ƙarfen kafin ranar da dattawa za su zo rabo.

Dole in tuna muku irin shekarun da muke ciki. Ɓarayin daji sun hana yankinmu sakat. Mutum ya fita gona da safe, iyalinsa ba su da tabbacin ganinsa da yamma. An taɓa ɗauke Karime matar Lawal a hanyar rijiya, ba ta daɗe ba aka sako ta, muka yi ta godiya ga Allah, ba wanda ya tsananta tambayar yadda aka yi. Bayan haka da 'yan watanni aka tare motar masara a hanya aka harbe Nasiru, ɗan Yaya Hajara na fari, wanda ke tuƙa ta. A zaman makokin Lawal ne ya fi kowa kuka, har ita uwar ce ta dawo tana ba shi haƙuri. Na lura yana ta ramewa, na kuma lura gonakin maƙwabta suna zama saura alhali tasa yana nome ta har ƙarshen kunya, ya girbe ya kai gida lafiya. Ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri guda a raina ba. Ƙanena ne, ni na koya masa hawan keke.

Lawal ya yi ta ɗaga ranar zuwana gonar. Yau ya ce Karime ba lafiya, gobe ya ce hanya ba kyau. Daga baya ya ce in bar na'urar a gida, shi da Malam Idi za su daidaita da baki. Yaya Hajara ce ta gaji, ta ce ita ranar kasuwa za ta shigo, kowa ya same ta a gona. Bazara ce, an yi ruwan farko da kwana biyu, ƙasa ta jiƙa daga sama amma ƙarƙashinta na nan kamar bulo. Muka fita da hantsi mu uku. Yaya tana tafe da lema tana ba mu labarin yadda Baba ke ɗaure mata zani a ɗorawar ta yi lilo. Lawal yana bayanmu da fartanya a kafaɗa.

Na fara daga inda nake zaton ɗorawar take, ina shafa faifan hagu da dama, ina jiran wannan dishasshen kuka na abu mai nisa. Ban ji komai ba sai ƙusoshi da gwangwanin tumatir. Na yi ta matsawa ina faɗaɗa wurin, har na kai wajen wata 'yar geza a gefen kwari, nesa da inda ya kamata iyakar ta kasance. Lawal ya ce in dawo, nan ai ba iyaka ba ce. Ina shirin juyowa faifan ya bi ta gefen gezar, na'urar ta tsala wani ihu da ban taɓa jin irinsa ba, har Yaya ta zabura ta saki lemarta.

Na tsaya na sake bi a hankali. Kukan bai da faɗi sosai in na ratsa shi, amma in na bi shi a tsaye ya kai kusan gaba guda. Na ɗaga faifan taƙi, yana nan. Na ɗaga har gwiwata, bai ragu ba. Sai da na kai shi kusan ƙuguna sannan ya fara dishewa. Yaya ta tambaye ni ko ƙarfen Baba ne. Na ce mata a'a. Ƙarfen Baba yana ƙasa da gwiwa, ya shekara da shekaru yana cin tsatsa, ba zai yi wannan ihu ba. Wannan abu ne mai yawa, kuma bai wuce kamu guda a ƙasa ba. Na tuna ina magana ina lissafi a fili, irin na mai jin daɗin sana'arsa. Na ce abin mamaki, wanda ya binne shi ya san gona, domin ya sa shi daidai inda garmar shanu ba za ta taɓa shi ba, bai kuma wahalar da kansa ya wuce nan ba, kamar mai son ya riƙa ɗaukowa. Ina faɗin haka na waiwaya na ga fuskar Lawal.

"Marmara ce, Yaya Sule," in ji shi. "Nan wurin duk marmara ce. Mu tafi."

Na ce masa marmara ba haka take kuka ba, nata zuwa yake yana ɗaukewa. Ya ce to tsohon bututu ne. Na ce wa ya taɓa jan ruwa a gonar nan? Yaya Hajara tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in dai a gonar ubanta yake, tana son ganinsa. Na miƙa hannu in karɓi fartanyar, Lawal ya riƙe ta gam, sai da na ja sannan ya saki.

Sara na farko ya gaya mini sauran. Bayan jiƙar sama ya kamata in ci karo da ƙasa mai tauri, amma fartanyar ta shige kamar cikin gari. An sha tona wurin ana mayarwa. Na ajiye ta na ci gaba da hannu. Ban kai gwiwar hannuna ba na taɓo baƙar leda, ƙarƙashinta buhun taki an ɗaure shi da robar taya. Warin baƙin mai ya bugo ni, kuma ni na san mai, wannan bai daɗe da shafawa ba. Na zaro wuƙar aljihuna na tsaga gefen buhun. Abin da ya fara leƙowa bakin bindiga ne, ba irin ta maharba ba, irin wadda muke gani a kafaɗar masu tare hanya. A ƙarƙashinta akwai wata, da wata. Ban ƙirga ba.

Abin da na fara tunani shi ne wasu ne suka shigo gonar ƙanena da dare suka binne, shi bai sani ba. Na ɗago kai in gaya masa haka, in ce masa kada ya ji tsoro. Sai na same shi a durƙushe, ya dafe kansa da hannu biyu, bai ko kalli ramin ba. Wanda bai san abin da ke ciki ba, ai da ya leƙa.

Yaya Hajara ta matso ta sunkuya ta duba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta koma ta zauna a kan tsohuwar kunya, ta gyara mayafinta, ta yi magana da murya irin ta mai tambayar farashin gishiri.

"Lawal, da wacce aka kashe Nasiru?"

Ya fashe da kuka irin na yara, yana rantsuwa bai sani ba. A nan durƙushe ya ba mu labarin. Ya ce da aka ɗauke Karime ba shi da abin da suka nema, ya je ya same su da kansa yana roƙo. Suka ce za su sake ta, su kuma bar masa gonarsa, in zai ajiye musu kaya, tunda gonar na bakin kwarin da suke bi kuma babu mai zargin sa. Ya ɗauka sau ɗaya ne. Sai abin ya zama suna zuwa su ɗauka su mayar, wani lokaci su sa shi ya shafe su da mai ya naɗe. Suka ce ranar da magana ta fita, da gidansa za su fara, su gama da ƙauyen. Ya ce ranar da aka kawo gawar Nasiru ya zo nan ya tarar ramin a buɗe babu komai, kashegari kayan suka dawo. Yana faɗin wannan Yaya ta miƙe, ta bar lemarta a ƙasa, ta nufi hanya. Na kira ta ba ta waiwayo ba. Daga baya na ji a ƙafa ta kai bakin titi cikin wannan rana.

Lawal ya kama ƙafata ya ce in rufe, in yi kamar ban zo ba. Na rufe, amma ba don maganarsa ba. Tsoro ne ya kama ni cewa wataƙila akwai mai kallonmu daga kwarin. Na mayar da ledar, na tura ƙasa, na watsa busasshen ganye. Na ɗauki na'urar na ci gaba da shafa ƙasa can wani gefe kamar mai neman iyaka, a kashe take ban ma sani ba.

Na koma Funtua na kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na je rumfa na kwance injin wani na kasa mayar da shi. Mahaifiyarku ta tsare ni a ɗaki sai da na gaya mata. Ta zauna a bakin gado, ta ce in rufa mata asiri in bar maganar, muna da yara, mutanen nan suna da kunne a kowace tasha. Ta ce ba ni na binne ba, ba kuma ni ne hukuma ba. Ban ga laifinta ba, abin da ke raina ke nan rabin lokaci. Amma duk motar masarar da ta wuce gaban rumfata sai in kalli direban, in ga yaro ne sa'an Nasiru. Da yammacin rana ta biyu ita da kanta ta kawo mini ruwan alwala ta tsaya a kaina.

"Malam, in za ka yi, ka fara kwaso Karime da yaran."

Haka aka yi. Muka aika cewa ana bikin suna a dangin mahaifiyarku, Karime ta zo ta taya aiki. Ta zo da yaran duka, ku manyan kuna iya tuna lokacin da aka cika muku ɗaki kuna ta murna. Ita kanta ba ta san da wane farashi aka sako ta ba sai a gidanmu, kuma ranar da ta ji ta suma a bakin murhu. Na je na sami mai unguwar ƙauyen a keɓe, ban faɗa masa komai dalla-dalla ba, na ce dai masifa na iya zuwa, duk mai inda zai kai iyalinsa da dabbobinsa ya kai. Sannan na sami Lawal na ce masa ranar Juma'a bayan masallaci zan je wurin jami'an tsaro. Na ce ba zan ɓoye masa ba, ba kuma zan ja shi ba. In ya ga dama ya gudu, duniya da faɗi, zan riƙe masa iyali. Ya ce na kashe shi, na kashe ƙauyen. Ya faɗi maganganun da ba zan rubuta ba.

Ga abin da nake so ku riƙe, musamman ku 'ya'yansa. Ranar Juma'ar na fito daga masallaci na same shi zaune a kan bencin rumfata, sanye da rigarsa ta Sallah, da 'yar leda mai ɗauke da buta da tabarmar salla. Bai gaishe ni ba. Ya miƙe ya shiga gaba, ina binsa a baya har ofishin. Shi ya fara shiga, shi ya buɗe baki, shi ya hau motarsu ya kai su bakin gezar. Ni ko kalma goma ban yi ba a ranar. Ba wanda ya kama mahaifinku, da ƙafarsa ya je.

Abin da ya ji tsoro bai fasa zuwa ba. Ba a yi mako guda ba suka afka wa ƙauyen. Suka ƙone gidan Lawal da rumbunan unguwar, suka kora shanun da suka rage. Yawancin mutane sun riga sun fita, amma Malam Idi ya ce shi ya tsufa da gudu, a ƙofar gidansa suka same shi suka kashe shi. Wannan mutum shi ne ya yi mini huɗubar aurena. Da labarin ya iso ni ina rumfa, na zauna a ƙasa cikin baƙin mai, Ɗan Asabe ne ya rufe mini rumfar ya kawo ni gida a bayan babur. Na je gaisuwa inda iyalinsa suka yi gudun hijira a Malumfashi. Na miƙa hannu ga babban ɗansa, ya kalli hannun ya kawar da kai, na juya na fita. A nan ne maganar cin gado ta samo asali, domin mutanen da suka rasa hatsin shekara da mahaifi suna bukatar wanda za su ɗora wa, ni kuma ina kusa. Ƙauyen ya yi damina biyu ba a noma shi ba. Rabona na gonar na bar wa 'ya'yan Lawal a gaban dattawa, waɗanda suka shaida wasunsu na raye, ku tambaye su.

Har yau in aka tambaye ni ko na yi daidai, ba na saurin amsawa. Na san bindigogin nan ba su sake tare wata mota ba. Na kuma san Malam Idi zai iya kaiwa wasu shekaru yana shan hantsi a ƙofar gidansa. Duka biyun gaskiya ne, kuma da su nake kwana.

Gwaggonku Hajara ba ta sake yi wa Lawal magana ba har ta koma ga Allah. In an ambaci sunansa tashi take ta bar wurin. Amma ita ce ta zo gidanmu da kanta ta ɗauki ƙaramar 'yarsa, ta raine ta, ta yi mata aure da kayan da ta tara don lefen Nasiru. Ban taɓa tambayarta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Lawal ya yi watanni a tsare kafin a sake shi, an duba cewa shi ya kai kansa kuma tilasta masa aka yi. Bai koma ƙauye ba. Ya kwashi iyalinsa ya yi wajen Zariya, yana noman haya yana sayar da rake. Na aika masa saƙo bai amsa ba, na je sau ɗaya aka ce ba ya nan alhali takalminsa na ƙofa. Na haƙura na bar shi.

Sai wata Babbar Salla, bayan shekaru, muna zaune a zaure ana suyar nama a cikin gida, na ji sallama da muryar da na sani. Ya yi furfura fiye da ni, amma ya yi ƙiba, kumatunsa sun dawo. Muka gaisa kamar jiya muka rabu. Mahaifiyarku ta kawo tuwo da soyayyen nama, muka ci a kwano ɗaya. Ya tambayi aikin rumfa, na tambayi farashin rake, ya ba ni labarin wata tsutsa da ta addabi masara a wajensu. Ba wanda ya taɓo maganar gona. Da la'asar ta yi ya ce zai koma, na raka shi har inda ya ajiye babur. Ya hau, ya ɗora ƙafa zai tayar, sai ya fasa. Ya yi magana yana kallon tankin mai.

"Yaya Sule, ka san inda na fara yin barci?"

Na ce a'a.

"A ɗakin da suka rufe ni. A kan siminti, mu da yawa, ga sauro. Na kwanta bayan isha'i, sai tashina aka yi don asuba. Rabona da haka tun ranar da aka sako Karime."

Na dafa kafaɗarsa. Ya bar hannuna a wurin na ɗan lokaci, sannan ya tayar da babur ɗin ya ce in gaishe da yara. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana. Da daminar shekarar zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin in isa Zariya an riga an kai shi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Nasiru da Malam Idi da Yaya Hajara, ya sa mu cika da imani.